Buba Mai Iya Mutuwa

Ranar Larabar da aka gama yankan dawa, shekarar da nake aji huɗu, muka buɗe garin fim ɗinmu a gonar kawuna, bayan Ƙafin Maiyaki. Da kara muka gina shi, ga gidan bos, ga kurkuku, ga gada a kan wani ɗan kwari, duk yadda muka gani a bidiyon mai shayin bakin tasha. Kawu ya ce muddin yara na taruwa suna kore masa awaki daga harawa zai bar mana karan, ranar da wurin ya mutu kuwa, ranar zai kwashe abinsa ya yi danga.

Kwana biyu rigima kawai muka sha, don kowa jarumi yake son zama. Sai ga Buba, ɗan Fulanin da suka sauka a gefen gonar, ya jingine sandarsa ya ce, "Ni ku kashe ni." Ban taɓa ganin wanda ya iya mutuwa kamarsa ba. Kana nuna shi da bindigar kara zai dafe ƙirji, ya yi tangaɗi, ya zagi kakanka da Fillanci, sannan ya zubo daga kan gada cikin ƙaiƙayi. Ana tashi daga makarantar allo sai layi, kowa ya kashe shi sau ɗaya ya tafi gida yana hura hanci. Ni da na ɗaure kowane kara da hannuna, na ɗauka ginina ake zuwa gani.

Da ciyawa ta ƙare, su Buba suka tashi da shanunsu. Yara suka ce in zama bos, tunda wurina ne. Na ce Allah ya kiyaye, mai gari guda ba ya faɗuwa. Kwana huɗu tsakani kawu ya zo da amalanke.

Yanzu shekarata tara ina aiki a wani wurin wasan yara a birni, ɓangaren da aka cika da mutum-mutumin jaruman fim. Ga sabon fenti, ga lilon lantarki, amma yara su ɗauki hoto, su yi hamma, su ja hannun iyayensu. Kullum manaja sai ya tara mu yana tambayar me ya rage, ni kuwa wallahi na gaji da faɗa masa. Wuri cike da jarumai, babu mutum ɗaya da yaro zai kayar.

Wani lokacin ina goge ƙafar wani jarumin sai in ji da ma na faɗi ranar nan. Ƙaiƙayi ne kawai, wanka ɗaya ya isa.