Tujen Baba a tashar Dakoro

Shekarar da na samu estaj, wato zaman koyon aiki, a wani furoje mai kula da namun daji a Maradi, aikina guda ne: in zauna gaban ordinatar, wato kwamfuta, in zuba bayanai. Wace dabba aka gani, ina, yaushe. Duk masu irin aikin nan sun yarda da fish iri ɗaya, wato shafin da ake cikewa, don abin da aka rubuta a Tawa ya karantu a Yamai, ya karantu har waje. Gurbi ukku ba a tsallake su: sunan dabba na Latin, kwanan wata na nasara, da lambobin GPS na wurin. In ka bar ɗaya, layin ya yi ja, ba ya wucewa.

Wata rana shef ɗinmu, shugaban aikin, ya buɗe taswira. Ɗigo-ɗigo ko'ina, amma tsakanin Dakoro da Korahane fari fes. Ya ce in za a ware dajin da ba a nomawa, inda ke da ɗigo ake dubawa. Nan kuwa babu bayani.

Na ce akwai. Suna cikin akwatin babana.

Baba makiyayi ne. Tun ba a haife ni ba yake rubuta abin da ya gani a daji, da ajami, cikin kaye, littahin rubutu irin na ƴan makarantar lakwal. Ba wanda ya sa shi. "Tuje biyu, yamma da rijiyar da ta rufta, kwana huɗu bayan ruwan shuka." "Barewa da ɗanta, gindin gawo biyu." Haka, shafi bayan shafi. Kuma duk shekara gonaki suna ƙara cin dajin, shina gani, ba abin da zai iya.

Ran Asabar na shiga mota na tahi gida. Muka zauna a zaure, shina karantawa ina bugawa a waya.

"Baba, tuje sunansa Ardeotis."

"Shi ya gaya maki?"

"Haka yake a littahi."

"To ki gaishe shi. Ni shekara nawa muna tare bai taɓa faɗa mani ba."

Sunaye ba su ba mu wuya ba. Kwanan wata ma mun lallaɓa, muna ƙirge daga sallah zuwa sallah, Inna tana gyara muna daga madafa: "A'a, shekarar da na haihi wannan ce." Sai muka zo kan wuri. Na ce masa na'urar ba ta san gawo biyu ba, lamba take so.

Ya ce, "Abu mai sauƙi. Mu ɗaura amalanke, kwana ukku. Duk inda na tsaya ki tsaya, wayar taki ta ɗauki lambar."

"Baba, ran Litinin ina biro, wurin aiki."

"Ƴar birni. To wani zuwan."

Ran Lahadi ina tashar Dakoro ina jiran mota ta cika. Ran Laraba ake ruhe karɓar bayanai. Wata abokiyar aikina ta taɓa ce mani in babu lamba, sai a sa ta garin da ya hi kusa, kowa haka yake yi. Na ɗaga waya nan inda nike tsaye, kusa da mai tuyar awara, na ɗauki lambar. Da na isa Maradi na manna ta ga kowane layi. Duka suka koma kore. Na tura.

Na kira Baba na ce ya shiga. Na ji shi shina gaya ma mutanen ƙofar masallaci tun kafin ya kashe wayar: "Ɗiyata ta kai su. Yanzu gwamnati ta san akwai su."

Bayan ƴan watanni masu tantancewa a Yamai suka aiko da saƙo. Sun cire layukan gaba ɗaya. Tuje, barewa, gauraka, yanyawa, na shekaru da shekaru, duk a ɗigo guda tsakiyar gari, sun ce kuskure ne. Shef bai ma yi faɗa ba, dariya ya yi.

"Madmuwazel, barewar mota ta zo shiga? Ki kawo lambobin gaskiya mu maida su."

Na ce bayan damina. Ban gaya ma Baba ba. Na ce a raina in na zo sai in ce wani ƙarin bayani ake so, mu tahi kwana ukkun nan, ba sai ya san komi ba.

Cikin daminar ya kwanta. Ba a kai ga yankan hatsi ba ya rasu.

Bayan arba'in na roƙi Baffa, ƙanensa, ya kai ni a moto, babur ɗinsa. Tare suka yi kiwo, na ɗauka zai sani. Muka isa rijiya ruftacciya, na fiddo waya, sai ya ce, "Tsaya. Akwai wata gaba. Akwai kuma wata wajen Korahane." Ukku ne. Gawo biyun kuma ba mu same su ba, ko kututture. Wani mai gona ya ce shi tun da ya zo bai ga gawo nan ba.

"Baffa, ka tuna mana."

"Ɗiyata, ni shanu nike kallo. Shi ke kallon tsuntsaye."

Kwana biyu muka yi muna yawo. Wuri biyu kawai na samu da zan iya rantsuwa a kansu, wani tabki da wani tudu mai farin dutse. Na zauna bisa tudun na yi kukan da ban yi ba ran jana'iza. Baffa ya juya baya shina ta duba tayar moto, lahiyarta lau.

Daga baya na gano fish ɗin tana da wani gurbi can ƙarshe, inda ake faɗin iyakar shakkar da ke cikin lamba, da wani inda ake rubuta wuri yadda mai gani ya faɗe shi. Ban taɓa jan shafin har can ba. Na sake zuba komi, da kalmomin Baba yadda suke, na zagaye kowane layi da da'ira mai faɗi. Sun karɓa. Amma shef ya gaya mani gaskiya: masu ware daji ba su aiki da da'ira mai wannan girma, tace su suke. Layi biyu ne za su gani.

Bana na bi ta hanyar Korahane. Hatsi ne dama da hagu, ya yi kyau ƙwarai. Inna har yanzu in baƙi suka zo tana ce masu rubutun malam duk shina hannun gwamnati, ɗiyarsa ce ta kai. Ina zaune nan gefe ina ji, ban taɓa gyara mata ba.