Amsar da Na Kai wa Inna Sabuwa

Ƙanƙara

Ƙarfe shida saura kwata na fita, ko koko ban sha ba. Abin da na ɗauko bai wuce magana ɗaya ba. Shekara uku mahaifiyata, can garin Sabuwa, tana shan maganin rage kitsen jini, sitatin, tun da likita ya ce jijiyoyinta sun fara toshewa. Sai ƙanena ya aiko mata da ƙwayoyin man kifi daga Makka. Ta kira ni tana tambaya, na ce, "Inna, kada ki haɗa su sai na tambayo." Kwana biyu bayan nan aka katse layukan waya a yankinmu duka saboda 'yan bindiga.

Likitan ya ba ni amsa tun makon farko: ba laifi a sha su tare, in dai ba ta shan maganin tsinka jini, amma man kifi ba ya maye gurbin sitatin, kada ta kuskura ta daina. Mako biyar ina riƙe da amsar. Tsoron hanya ne ya zaunar da ni, ba zan ɓoye ba.

Faskari

Mun wuce Mabai ba mai tari a motar. Dawa ta nuna a gonaki, babu mai yanka. Shinge huɗu kafin Sheme, kowanne sai an sauke mu an duba buhuna. Tara da rabi muka shiga Faskari. Na ci waina tsaye, na jira motar Dandume mai wucewa Sabuwa har azahar.

"Malam, in ka ga na juya, kada ka tambaye ni dalili," in ji direban.

Ban tambaya ba, bai kuma juya ba.

Sabuwa

Biyar da minti goma na yi sallama. Yayata Hinde ce ta fito, ta ƙi haɗa ido da ni. Inna na kwance, baki ya karkace, hannun hagu kamar tsumma. Kwana tara ke nan da faɗuwarta wajen alwala.

Inna ta nuna ƙarƙashin filo da ido. Hinde ta zaro ƙullin leda: katin sitatin ne, ko ɗaya ba a ɓalle ba. Kwalbar man kifi kuwa ta kusa ƙarewa. Ni sabon nake nufin ta ajiye. Ita da ta ji kamar an ce ta ɗauki ɗaya, yaya za ta bar wanda ya fito daga Makka?

"Ban haɗa ba," in ji Inna, harshe na sarƙewa. "Yadda ka ce. Mi likitan ya ce?"

"Ya ce a sha duka, Inna."

"To, madalla."

Ma'aikacin asibitin garin ya ce ba mai iya rantsuwa barin maganin ne ya jawo, ga hawan jini, ga shekaru. Na gode masa, amma zuciyata ba ta karɓa ba.

Komawa

Kwana uku na yi. Kowace magariba ni nake ɗaga kanta in ba ta guda biyun da hannuna. Ran Alhamis ƙarfe huɗu na iso Ƙanƙara lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa Hinde da direbobin da suka kai ni suka dawo da ni. Hanyar da na yi mako biyar ina tsoro, wuni ɗaya ce.