Hatimin da Ya Tsayar da Ilu Makanike

Har gobe akwai ranar da ba ta barin raina, a lokacin yaƙin neman zaɓen 1979. Ina akawu a wani ofishi a Gumel, hatimin ofishin a hannuna yake. Ku da kuka shigo aiki jiya-jiya ba ku san darajarsa ba. A zamanin nan, takarda in ta sha hatimi, magana ta ƙare.

Wani ɗan takara ya zo daga Kano ya yi taro. Ya ce ga maƙwabtanmu na Nijar can suna haƙar ma'adinin yuraniyam, su kuma in sun ci za su kafa tashar lantarki ta nukiliya. Ƙasa ta daina dogaro da man fetur kaɗai, wuta har Gagarawa da Sule Tankarkar, aiki kuwa sai wanda ya ƙi. Wallahi ni ma na tafa.

Bayan taro mutanensa suka kawo takardun da za a raba wa masu neman aikin. Ƙa'ida ita ce, ba a buga hatimi sai takarda ta shiga rajista ta sami lamba. Na tuna wa shugabana. Ya ce, "Kai Malam Sabo, ka cika tsirfa! Buga musu su tafi." Na buga.

Washegari Ilu, makaniken manyan motoci a Maigatari, ya same ni da tasa takardar. Surukinsa ya samo masa gurbi a garejin masu haƙar ma'adinin a Nijar, mota za ta tashi ranar Alhamis. Ya ce, "Malam, in tafi ko in tsaya? Ba na son barin iyalina in dai aikin zai zo gida."

Maimakon in ce ban sani ba, sai na gyara zaman hula na ce, "Ba ka ga hatimi ba?"

Ya tsaya. Gurbin nasa na Nijar aka ba wani. Zaɓe ya wuce, ba tasha, ba labarinta. Ilu ya yi ta zarya ofishinmu, ni kuwa da na hango shi sai in shige ɗakin ajiye takardu. Ranar da ya ritsa ni, ko murya bai ɗaga ba. Ya ce, "Ɗan siyasa ban riƙe shi ba, magana ce sana'arsa. Kai na tambaya."

Na rasa inda zan sa kaina don kunya. Masu alkawari sukan hau mota su wuce, mu ma'aikata mu ake bari da mutane ido da ido. Shekara talatin na ƙara a aiki, "ban sani ba" ba ta sake yi mini nauyi a baki ba. Amma ba ta mayar wa Ilu gurbinsa ba.