Ranar da Inna ta saka wa Yaya anini a juye

Ko zan manta komai a duniya, ban da yinin da Yaya ta zo gida da sabon muƙaminta. Shekaru sun ja, Inna ta riga mu gidan gaskiya, Yaya ma ta ajiye kaki, amma in na rufe ido sai in ga tsakar gidanmu na can gefen Roni, da duwatsun da suka yi wa ƙauyen ƙawanya, da mata suna sussukar sabon gero a bayan danga.

Yaya ce 'yar fari, ni ce auta. Gidanmu na Fulani ne, kuma duk da Hausa ta cinye bakinmu, kunyar ɗan fari tana nan daram. Ana yaye Yaya aka miƙa ta ga Goggo, ƙanwar Baffanmu. Inna ba ta taɓa kama sunanta ba, ba ta haɗa ido da ita, ba ta yi mata magana kai tsaye. "Yarinyar nan" take ce mata, har furfura ta fara fito wa yarinyar. In suna ɗaki ɗaya ni ce tafinta. "Auta, tambaye ta ko ta ci abinci." Sai in juya in ce, "Yaya, wai kin ci abinci?" Ga su dab da juna fa! Ni dariya abin yake ba ni, ashe ita Yaya ci mata rai yake yi.

Da ta gama jami'a ta ce sojan sama za ta shiga, ƙauye ya ɗauka. Mace da wando, mace da fareti a cikin ƙarti! Baffa, Allah ya ji ƙansa, shi ya tsaya mata, ya ce in dai za ta riƙe sallarta da mutuncinta ta je. Na tuna dawowarta daga horo, ta yi baƙi ta rame sai idanu, ina tsokanar ta da cewa sun mayar mana da ita muciya. Daga nan sai yawo: Kaduna, Makurɗi, Maiduguri lokacin da ko sunan garin aka ambata sai gaba ya faɗi. Aikinta kula da lafiyar jirage ne, in ba ta yarda ba jirgi ba ya tashi. Amma a wurin Inna duk jirgin da ya gifta Yaya na ciki. Da ta ji ƙugi a sama sai ta ce, "Kajin nan za su ɓata mini shanya," ta fito da sauri ta tsaya tana kallon sama, leɓenta yana motsi, har ƙarar ta ɓace. Sau da yawa ma babu shanyar komai a tsakar gidan.

Rannan Yaya ta bugo mini waya ta ce an yi mata ƙarin girma, ta kai matsayin da a sojan ƙasa ake ce wa janar. A al'adarsu, ranar da za a liƙa wa hafsa alamar muƙami a kafaɗa, wadda mu anini muke ce mata, mijinta ne ke kama wa shugabansu ya saka. Mijin Yaya ya rasu, Baffa da Goggo ma babu su. Inna take so. Na kai saƙo, Inna ta zaro ido ta ce, "Ni? In tsaya gaban jama'a ina taɓa kafaɗarta ana ɗaukar hoto? Ke Auta, ba ki da ta ido!" Na yi magiya, na yi fushi, na yi kukan autanci, ko gezau. Da na gaya wa Yaya sai ta ce, "Auta, maza dubbai suna sara mini, amma wallahi har yau ban sani ba ko matar da ta haife ni tana farin ciki da ni." Ban taɓa jin muryarta ta karye haka ba.

Aka yi bikin a Abuja babu Inna. Bayan kwana biyu ƙungiyar matan yankinmu ta shirya mata walima a Kazaure, mata suka yi ɗango daga Gwiwa da Babura. Yaya ta ce sai ta fara biyawa gida. Ana idar da azahar motoci suka tsaya a ƙofar gidanmu. Ta bar sojojinta a waje, ta cire takalmi da hula a bakin ɗaki, ta durƙusa da kakinta. Inna na kan tabarma, ta kawar da kai wajen bango.

"Auta, ce mata sannu da hanya."

Kafin in buɗe baki Yaya ta ɗaga mini hannu. Ta ɓalle aninan nan daga kafaɗunta ta ajiye a gaban Inna. "Inna, yau ba na son tafinta. Ban taɓa roƙon ki komai ba. Ga su nan. In ba hannunki ne ya mayar mini da su ba, haka zan fita, kowa ya ga kafaɗata fayau."

Ni kuwa na san taurin kan su biyun, a nono aka sha. Can Inna ta ce, "Auta, je ki duba mini kajin nan." Na fita, amma Allah ya yafe mini, a jikin labule na laɓe.

Sai na ga Inna ta ɗauki aninan tana jujjuya su. Ta matso, ta daɗe tana kokawa da maɓalli har ta saka su. Sannan ta riƙe kafaɗun nan biyu, ta ɗago ta dubi Yaya cikin ido ta ce, "Duk jirgin da ya wuce sai na yi miki addu'a. Allah ya yi miki albarka, 'yata." Yaya ta kifa kai a cinyarta ta fashe da kuka kamar yarinyar goye. Ni ma a bayan labule na kasa riƙe nawa, har Inna ta ce, "Munafuka, haka ake duba kaji?"

Da Yaya ta fito, sojoji suka ƙame suka sara. Sai na ga wata hafsa da ke bin ta tana ta ƙifta ido, ta matso ta ce a hankali, "Ranki ya daɗe, a juye suke." Ashe Inna na dama ta saka a hagu, kuma gaba ya koma baya. Ta miƙa hannu za ta gyara, Yaya ta kauce ta ce, "Kar ki taɓa. Wadda ta saka ta fi ni muƙami." Haka ta je Kazaure, haka ta yi jawabi, haka aka ɗauki hotunan. Ɗaya yana rataye a falonta har gobe, in tsofaffin abokan aikinta suka zo suka lura, sai ta yi murmushi ta ce a zuba musu shayi.

Inna ba ta sake yin irin haka ba. Washegari ma "yarinyar nan" ta koma, na koma aikina na tafinta, sai dai tun daga ranar in na isar da saƙo Yaya dariya take yi.

Abin da na koya shi ne, kunya ado ce, amma ɗan da ka haifa, ko janar ya zama, yana jiran ya ji daga bakinka. Ni ma 'yar farina tana nan, ba na kama sunanta, gado ba a yar da shi. Amma ba na bari ta bar gabana ban dube ta na sa mata albarka da bakina ba.