Ranar da Na Zama Barewa a Shagonmu

Shekaru sun shuɗe, amma har gobe ban manta da Asabar ɗin da Baba Isaka ya shigo shagonmu neman jakar farauta ba. Ku da kuka kama aikin nan a bayana kun sha jin ana kira na Barewa, wasunku ma sun ɗauka don saurin tafiyata ne. To ba haka ba ne, ku zauna ku ji asalin sunan.

Lokacin ina wata na biyu a shagon, nan tsakiyar Manchester, inda muke sayar da kayan hawan dutse da na kwana a daji: tanti, takalma, rigunan ruwa da jakunkunan goyo. Karatun digiri na biyu ne ya kawo ni daga Kano, ina zaune a wani ɗan ɗaki a Hulme, Asabar da Lahadi kuma in zo aiki don rage zafi. Shekarun nan ne da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, yau ka ji an rufe ɗakin karatu a wannan unguwa, gobe an sallami ma'aikata a waccan. Shi ya sa na riƙe ɗan aikin nawa hannu bibbiyu.

Ga tsarin wurin ga wanda bai sani ba. Manaja ne a sama, sai mai kula da kowane sashe, sai mu masu tsayawa da masu saye. Mai kula da sashen jakunkuna wata dattijuwa ce, Maureen, wadda ta yi shekaru tana bin mijinta farautar barewa. Dokarta ɗaya ce: ba a sayar wa mutum jakar goyo sai an gwada ta a jikinsa. A auna tsawon bayansa daga ƙashin wuya zuwa ƙugu, a zuba nauyi a jakar, a ɗaure masa ɗamarar ƙugu, domin ƙugu ne ke ɗaukar kaya ba kafaɗa ba, sannan ya zaga shagon da ita. Wanda ya tsallake wannan, ranar sai ya gwammace kiɗa da karatu.

Da hantsi ina jera kaya sai na ji an yi sallama da Hausa, abin da ban taɓa ji a shagon ba. Na juya na ga wani dattijo dogo, da hula da jallabiya, ya ɗora ƙatuwar rigar sanyi a kai. Wata matashiya na biye da shi riƙe da buhun nan mai zanen ja da shuɗi.

"Ke ce 'yar Kano?" in ji shi. "A masallacin Gorton aka ce mini akwai tamu a nan."

Na rusuna na gaishe shi, muka yi ta gaisuwa har Maureen ta fara leƙowa. Sunansa Isaka, mutumin Salaga ne ta ƙasar Ghana, a Ladywood yake zaune can Birmingham. Matashiyar 'yarsa ce Rakiya, tana aure a unguwar Gorton nan Manchester, wurinta ya zo. Da na ga buhun sai bakina ya suɓuce na ce, "Baba, har da Ghana-must-go aka zo?"

"Ku kuka raɗa masa suna," in ji shi, "mu dai muna zuba kaya."

Yana cikin kallon jakunkuna Rakiya ta ja ni gefe ta ba ni labari. Shekara ashirin da 'yan kai ya yi yana kula da lambunan shaƙatawa na gari, sai aka rage ma'aikata, sunansa ya fito.

"Tun da council, hukumar gari, suka ba shi redundancy suka sallame shi, Anti, wata takwas yana zaune a flat yana kallon taga," in ji ta. "He's not himself. Zaman ne ke cinye mana shi."

Yanzu wani tsohon abokin aikinsa, Alan, ya buɗe masa ƙofa. A ƙasar nan barewa ta yi yawa, ba zaki ba kura, sai ta yi ta cinye ƙananan itatuwa, don haka masu gandun daji ke ɗaukar maharba masu lasisi su rage ta. Alan wannan aikin yake yi, yana kuma neman mataimaki. Ya ce Baba ya zo su fita wata safiya guda, ba bindiga a hannunsa, ya dai bi shi a baya. In ya ga zai iya, zai ɗauke shi ya koya masa har ya sami takardar shaida. Akwai kuma wani da ke neman gurbin. Safiya ɗaya ce ke nan, in ta ɓaci shi ke nan, sai komawa bakin taga.

Muna dawowa muka tarar ya tsaya gaban jaka mafi girma a shagon, mai cin lita tamanin da biyar, irin ta masu tafiya hawan duwatsun ƙanƙara su yi mako uku.

"Wannan za ki ba ni, 'yata."

"Baba, ba ta yi girma ba?"

"Gida goma sha ɗaya na yi wa alkawarin nama a block ɗinmu, benen da muke zaune," in ji shi. "Ubana maharbi ne. Ranar da ya yi sa'a ba gidan da ke kwana bai ɗora tukunya ba a zangonmu na Salaga. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A me zan zubo naman, a aljihu?"

Ni kuwa na san jakar nan za ta kashe masa aiki. Yadinta busasshe ne, ko iska ta taɓa shi sai ya yi ƙara. Ta fi kansa tsawo, kowane reshe sai ya kama ta. Naman ma ba a jaka ake kawo shi ba, mota ke kai shi ɗakin sanyi a duba lafiyarsa tukuna. Sabon shiga ƙaramar jaka mai taushi yake bukata, ta ruwan sha da rigar ruwa da ɗan abin taɓawa. Duk na sani, Maureen ta koya mana. Amma ni da ban taɓa ganin barewa ba sai a gidan zu, da wane baki zan ce wa sa'an ubana, ɗan maharbi, a gaban 'yarsa, bai san kan farauta ba?

Na je na raɗa wa Maureen. Ta ce mene ne abin wahala, in gaya masa kawai jakar ba ta dace ba. Na ce mata a wurinmu ba a yi wa babba haka. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce to in san yadda zan yi, amma jakar nan ba za ta fita shagon a bayan mutumin nan ba.

Na koma na ce, "Baba, dokar shago ce sai an gwada." Ni ba zan taɓa shi ba, sai na miƙa wa Rakiya awo, ina faɗa tana aunawa. Maimakon buhunan yashi da muke sakawa, na ce a zuba kayan da zai tafi da su. Rakiya ta zazzage buhun: flas na ƙarfe, kwanon abinci da cokali, kwalbar yajin Ghana da suke kira shito, buta, darduma, har da rediyo. Muka zuba duka suka ɓace a gindin jakar, ta ɗaure masa ɗamara.

"Saura gwaji ɗaya, Baba," na ce. "Ni ce barewa. Zan tsaya can wurin takalma in ba ka baya ina kiwo. Ka lallaɓo. In ka iso ban ji ka ba, jakar taka ce."

Ya yi murmushi ya tattare jallabiya. Na je na sunkuya ina ta kiwona tsakanin takalma. Taku ɗaya, ƙwas. Taku biyu, ƙwas. A na uku cokali ya sami kwano, ƙwaram! Na ɗaga kai, na zabura na faɗa bayan tantuna. Masu saye suka kwashe da dariya.

"Ban shirya ba!" in ji Baba. "A sake!"

Aka sake. Wannan karon ya sunkuya sosai yana sanɗa, sai kan jakar ya ɗebo sandunan tafiya da muka rataye, suka zubo ƙasa gaba ɗaya. Ya tsaya cak yana kallon sandunan, ni kuwa na ce a raina shi ke nan, garin gyaran gira na rasa ido, na kunyata dattijo a bainar jama'a.

Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya ce ta kama shi, har sai da Rakiya ta kwance masa jakar ya zauna a kan benci yana share hawaye.

"Allah ya jiƙan tsoho," in ji shi. "Kin san da me yake fita? Ɗan burgami na fatar akuya, bai fi tafin hannu biyu ba. Kullum sai ya shafe shi da man kaɗe don kada ya yi kuka. Wuƙa, ƙyastu, goro, shi ke nan."

"To naman fa, Baba?"

"Mu ake kira bayan an gama, mu ɗauko a ka." Ya girgiza kai. "Ashe ni dako na gada, ban gaji farautar ba. Ina ƙaramar take, 'yata?"

Ban san lokacin da na ruga na ɗauko ta ba. Lita ashirin da biyar, kalar ganye, yadinta mai laushi kamar bargo. Muka naɗe flas a cikin darduma, muka musanya buta da 'yar salkar roba mai taushi wadda za ta yi masa sha da alwala. Rediyo da kwano Rakiya ta mayar buhu ba tare da shawara da kowa ba. Maureen ta matso ta shaƙi iska, ta ce mini barewa hancinta ya fi kunnenta. Wannan kam ta bakin Rakiya na aika, na ce ranar a bar turaren Baba a gida.

Na koma wurin takalma na ba da baya. Na kasa kunne iya kasawa, ba na jin komai sai motoci a titi. Har na fara tunanin ko ya fasa, sai na ji murya daf da ni:

"Salamu alaikum, barewa."

Wallahi tsallen da na yi na gaske ne. Maureen ta yi ta tafi, tun daga ranar kuma sunan ya bi ni.

Bayan mako biyu Rakiya ta leƙo shago ta ce Alan ya ɗauke shi. Wai har tambayarsa ya yi inda ya koyi tafiya haka. Na yi murna ƙwarai, sai dai na ɗauka labarin ya ƙare ke nan.

Sama da shekara guda bayan haka, na gama karatu na zama cikakkiyar ma'aikaciya, wata Asabar na sake jin sallamar nan. Baba Isaka ne, ya yi ƙiba, fuskarsa ta washe, jakar na bayansa duk ta koɗe. Ya sauke ta a kan teburina, ya zaro wani ƙunshi mai sanyi naɗe cikin takarda. Ya ce ya sami takardarsa, da hannunsa ya harba, da bisimillarsa, kada in yi shakka. Bai cika alkawarin rana ɗaya ba, sai da ya ɗauki watanni, amma duk gida goma sha ɗayan nan ba wanda bai ɗora tukunya ba.

"Ke ce gida na goma sha biyu," in ji shi.

Na karɓa da hannu biyu na yi godiya, sannan na shige ɗakin ajiya na yi kukana na daɗi. Tun da na baro Kano ba wanda ya taɓa ƙirga ni cikin gidajen unguwarsa.

Abin da nake so ku riƙe, ku sababbi, shi ne wanda ya nuna babbar jaka yana da dalilinsa, sau da yawa kuma dalilin mai kyau ne. Kada ku biye masa don kunya, kada kuma ku gwasale shi don kun fi shi sanin kaya. Ku goya masa, ku ba shi fili ya taka, kunnensa zai gaya masa abin da bakinku ba zai iya ba. Naman kuwa farfesu na yi da shi, na kuma kai wa Maureen nata kason a kwano, domin ni ma a gidanmu ba a cin na farauta a ɓoye.