Karen Maƙwabciyata Mai Tayoyi da Zaton da Ya Ci Mini Ƙafa

Assalamu alaikum. Wata goma sha ɗaya rabona da rubutu a shafin nan. Wasu sun ce na samu duniya a Doha na manta da mutane. Allah ya yafe mana baki ɗaya. A kwance nake, daga baya kuma a keken guragu.

Zan faɗi yadda aka yi, har da inda laifina yake.

A rukunin gidajen da muke haya a Al Wukair, ƙofarmu na kallon ta Rifkatu, Maman Dauda, 'yar Filato, ma'aikaciyar jinya. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Wata rana mijinta ya tsinto kare a bakin titi, mota ta karya masa baya. Mutumin gyaran na'urorin asibiti ne aikinsa, sai ya yanka bututun roba, ya ciro tayoyin keken jarirai, ya haɗa wa karen ɗan keke. Ƙafafun gaba na tafiya, na baya na rataye.

Ni kun san ni, ba na gani in yi shiru. Na tare ta na ce wannan almubazzaranci ne, guragu na jan ƙasa a garuruwanmu, ita tana yi wa kare keke. Ta kalle ni ta ce, “Hajiya, shi ma rai ne.” Ta shige gida.

Kwana tara bayan haka yatsun ƙafata na hagu suka mutu. Silifas ya fita ban sani ba.

Na lissafa kwanakin, zuciyata ta ba ni amsar da take so.

Ran nan ina jan ƙafa daga mota, Rifkatu ta tsaya ta zuba mini ido. Ta tambaye ni ko bayana na ciwo, ko cinyoyina sun yi nauyi. Sannan ta rage murya ta tambaye ni ko ina jin fitsari in ya zo. Ko Abban Hafsa, mijina, ban gaya wa wannan ba.

“Hajiya, don Allah ki je asibiti yau. Kar ki kai gobe.”

Na ce a raina, wa zai san abin da ke cikin tukunya in ba wanda ya dafa ba? Cutar karenta aka juyo mini. Tun da ita ta ce in je asibiti, to ba zan je ba. Na kira yayata a Zariya ta aiko da turare da ganyen magarya. Abban Hafsa ya yi faɗa, na ce sanyin na'urar ɗaki ne ya kama ni.

Mako uku na yi a haka, sai na faɗi a banɗaki, ƙafafu biyu suka ƙi tashi.

A asibiti aka saka ni cikin na'urar hoton nan mai kama da kabari, mai ƙara kamar injin niƙa. Ina ciki ina salati ina tuna wanda zai riƙe mini 'ya'ya. Likita ya nuna mana wani tsiro da ya danne lakar bayana. Ya ce ba na daji ba ne, amma ya fi shekara yana girma a wurin.

Shekara. Lokacin karen ko ƙasar unguwar bai taka ba.

Ya tambayi yaushe ƙafar ta fara mutuwa. Da na faɗa, ya ajiye biro ya ce, “Makonni ukun nan, a ina kika kai su?”

Aka yi aiki. Kwana sha takwas a gado, robar fitsari, allurar hana jini daskarewa a ciki kowace safiya, a juya ni kamar waina. Katin lafiya ya ɗauke mafi yawan kuɗin, keken kuwa mu muka saya.

Ranar da aka sallamo ni na tarar an shimfiɗa gangaren katako a matakalar ƙofarmu. Abban Hafsa ya ce mijin Rifkatu ne ya buga. Ko a nan sai da na sa aka ɗaga katakon aka duba ƙarƙashinsa. Babu komai sai ƙusa. Kun ga yadda zato yake? Likita ya nuna mini hoto ƙiri-ƙiri, ban daddara ba.

Masu gashin ƙashi suka ce in riƙa fita da yamma ina tura keken da hannuna. Silifas ɗin hagu kullum sai ya zame. Wata yamma na waiga, ga karen nan yana gungurowa a bayana da tayoyinsa, silifas ɗina a bakinsa. Ya ajiye a gabana ya ja baya. Ni a kan taya, shi a kan taya, muna kallon juna.

Na wanke takalmin sau bakwai, ɗaya da ƙasa, kamar yadda aka koya mana. Washegari ya sake kawowa.

Ranar da na fara tsayuwa da sanda, ƙofar Rifkatu na fara zuwa. Na faɗa mata abin da na zarge ta da shi, ban rage komai ba. Ta ce, “Hajiya, na gane tun ranar da kika daina amsa gaisuwata. Ƙafar da kika bari ta lalace ce ta fi ba ni haushi. Yalla, maza zauna kar ki faɗi a ƙofata a ce ni ce.”

Yanzu ina takawa. Makon jiya na yi tafiya a Corniche, bakin teku, har wajen jiragen katako. Ƙafar hagu dai ba ta dawo duka ba, likita ya ce wataƙila haka za ta zauna. Wannan ni na saya da hannuna.

Godiya ga Allah, ga Abban Hafsa da ya yi haƙuri da bakina, ga likitoci, ga Rifkatu da mijinta.

Mata, da ku nake. Ƙafa ta mutu, ko fitsari ya ƙi zuwa, ko ya zo ba ki ji ba, ranar nan ki tafi asibiti. Ki yi addu'arki a cikin mota. Kar kunya ta sa ki ɓoye wa mijinki. In mai ilimin aikin ya yi miki tambayar da ta dace, ilimi ne ya sanar da shi.

Karen har gobe ba ya shiga gidana, kuma silifas ina wanke shi. Amma zaton da na yi wa baiwar Allah nan, ban san sau nawa ake wanke shi ba.