Shinkafar Kaka da Idon Maman Kojo

Ranar wata Juma'a ce, a ƙarshen ƙaramar daminar shekarar da aka fara koro ni daga lakwal, wato makarantar boko, Kaka Tabawa ta tara mu a bayan gidanmu na Zongo, riƙe da zangarniyar shinkafa. Ta murza ta a tafin hannu, ta hura, komai ya tashi sama. Holoƙo ne zalla, ko ƙwaya ɗaya babu. Ta bi mu da kallo, ta ce, "Akwai hannun wani a cikin shinkafar nan. Wanda ya yi, ya faɗa tun maza ba su dawo daga masallaci ba." Ni aka fi daɗewa ana kallo, don a lokacin ko kaza ta yi tari a unguwa, sunana ake fara kira.

Irin nan ba na kasuwa ba ne. Daga Yawuri ta taho da shi ƙulle a tsumma, sa'ad da Baba, mai dillancin shanu, ya ɗauko ta zuwa Kwatano bayan rasuwar mijinta. Ragowar gonarsu ce ta bakin kogi, kuma ta rantse sai ta ci tuwonsa a ƙasar nan kafin ta mutu. A bayan gidanmu akwai kwarin da ruwa ke kwanciya, nan ta yafa rabi, ta adana rabi a ƙoƙo. Shinkafa ta tashi kore shar, masu wucewa na tsayawa suna yabo, yabon kuwa shi ya hana ta sukuni. Wadda ta fi kowa ita ce Maman Kojo, maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Fon mai suyar kifi, wadda Hausarta ba ta wuce "kyau, kyau, Mama" ba. Kaka ta ce kambun baka ke nan da rana tsaka. Ta sa Baba ya samo tsofaffin langa-langa aka kewaye shukar ruf, ta sayo zannuwan gwanjo a kasuwar Misebo ta toshe duk wata kafa, don kada ido ya shiga.

Ni aka naɗa sarkin gadi, tunda lakwal ta huta da ni. Duk wanda bai zauna a kejin nan da hantsi ba, kada ya yi mini zancen zafi. Na arewa aƙalla yana busar da gumi. Na Kwatano kuwa iskar ma a jiƙe take, gumi ya fito ya rasa wurin zuwa, ya kwanta maka a wuya. Langa-langa ta ɗauki rana, ruwan kwarin ya yi ɗumi kamar na wankan jariri, ganye ya wuni a jiƙe. Ina kaɗa gwangwani don korar tsuntsaye, ina jiyo abokaina suna buga ƙwallon tsumma a layi. A haka shinkafar ta yi ciki, ta fid da kai, ta yi ɗan farin furenta. Sai ga tabo a ganye, toka-toka a tsakiya, ja a gefe, da siffar ido sak.

To, ranar Juma'ar nan aka zauna shari'a. Kaka ta sunkuya ta shinshina ƙasa ko fitsarina ne, Allah ya wanke ni. Aka tuhumi akuyar Baba, ita ma ta fita. Can sai Kaka ta tarar da langa-langa guda a lanƙwashe ta ɓangaren Maman Kojo, daidai faɗin fuskar mutum. Ashe ta nan matar take leƙowa kowace safiya ta ga shuka. Kaka ta haɗa kafar da tabon ganye, ta ce, "Ga ƙofa, ga sawun ɓarawo." Daga ranar aka daina gaisuwa, aka hana mu cin kifinta. Wannan hukunci ni ya fi faɗa wa, don kawunan kifin nan nawa ne tun da na yi wayo.

Da aka zo yanka, zangarniyoyi duk a miƙe suke, ba nauyi, sai 'yan na kusa da kafar nan, waɗanda suka sunkuya da ƙwaya. Ni ban yi mamaki ba, don nan nake kai hancina in shaƙi iskar teku da ke ratsowa ta tsakar gidan Maman Kojo. Kaka ta dubi zangarniyoyin, ta dubi kafar. "Makira," in ji ta, "ta bar na gabanta don kada a zarge ta." Amma da babbar damina ta zo, ta ɗauko ƙoƙon, ta ce da Baba, "Ɗanlami, kwashe mini ƙarafan nan. Ta kalla har idon ya gaji." A fili shinkafar ta girma, furenta ya faɗo cikin sanyin watan Agusta, ta cika. Malmalar farko ni na kai wa Maman Kojo, da umarnin in tsaya in ga ko za ta iya haɗiyewa. Ta haɗiye, ta suɗe kwano, ta maido shi cike da kifi.

Jikana da ya karanci noma ya ce mini zafi a lokacin fure shi ke hana ƙwaya kamawa, laima marar iska kuma ta hana shuka hucewa, ta gayyato cutar ganye. Na ce masa wato shinkafa ma gumi take yi, wannan ai tun ina gadi na sani, takarda ce kawai ba a ba ni ba. Yanzu an cike kwarin, masu zemijan, wato 'yan acaɓa, ke ajiye babura a wurin, shinkafa kuma a buhu take saukowa daga jirgi. Katangun unguwa sun yi tsawon da maƙwabci ba ya iya leƙen maƙwabci. Har yau in iskar teku ta shigo mini ta taga, nakan waiga in ga ko wani ne ya zo yabo.